Fashin baƙi: haƙora 15 na wayar VGA da aikin kowannensu

Me ya sa monitar da ta shekara da shekaru tana aiki lafiya za ta wayi gari ta koma ruwan hoda, ko ta ƙi nuna komai idan aka haɗa ta da sabuwar laftof, alhali ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma wuta ce ta buge ta ba? Ana yawan jin wannan tambaya a shagunan gyara na Nima da Mamobi da Circle a birnin Accra, musamman tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, mutane suka shiga sauya kwamfutoci. Sababbin da ake saya, balle siraran laftof ɗin nan, da yawansu ba su da bakin nan na VGA mai launin shuɗi da ake jona monita da shi. Su kuwa monitoci da majigin da ke makarantunmu da ofisoshinmu da shagunan buga takardu, galibi kayan hom-yus ne, wato na gwanjo, da suka sauka a tashar Tema, kuma bakin da suka sani ke nan.

Wani ya ce an cuce shi, an sayar masa da waya mai haƙori 14 maimakon 15. Wani ya ce ya sayi waya mai HDMI, bakin hoto na sababbin kwamfutoci, a kai ɗaya da VGA a ɗaya kan, ta ƙi aiki. Wani kuma ya riga ya yanke hukunci cewa monitarsa ta mutu. Amsar dukkansu tana cikin yadda aka raba wa haƙoran nan aiki, kuma a ganina da yawan monitocin da ake cewa sun mutu lafiyarsu ƙalau, haƙori ɗaya ne a jikin waya ya samu matsala.

Inda bakin ya samo asali

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da VGA a 1987 tare da kwamfutocinsa samfurin PS/2. Kafin nan akwai CGA ta 1981 da EGA ta 1984, masu haƙora 9, waɗanda ke aika launi ta hanyar dijital: kowace waya ko dai akwai wuta a cikinta ko babu. Wannan ya taƙaita launukan ƙwarai, CGA 16, EGA kuma 16 a lokaci guda daga cikin 64. Don a samu ƙari sai an riƙa ƙara wayoyi. Sai injiniyoyin IBM suka koma analog: waya ɗaya ga kowane launi, a riƙa ɗaga ƙarfin wutar cikinta ana saukarwa gwargwadon hasken da ake so. VGA ta farko tana da mataki 64 a kowane launi, wato launi 262,144, ana zaɓar 256 daga ciki a lokaci guda.

Masu ɗaukar analog a matsayin ci baya su lura da wannan. Saboda ita wayar ba ta da iyakar mataki, bakin da aka ƙera don hoto mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye shi ne ya zo yana ɗaukar 1920 da 1080 da launi sama da miliyan 16, ba a ƙara masa haƙori ko ɗaya ba.

A bayan monita ko talabijin ba kullum ake rubuta VGA ba. Za ka ga D-SUB, ko RGB IN, ko PC IN, a takardun kaya kuma DE-15 ko HD-15. Duk abu ɗaya ne: haƙora 15 a sahu uku, biyar-biyar. Akwai wani baki mai girmansa daidai amma haƙora 9 a sahu biyu, wanda ake gani a bayan tsofaffin kwamfutoci da injinan kanti. Wannan a yau ba na hoto ba ne, kar a tilasta masa.

Yadda ake ƙirga su

A nan masu koyo suka fi yin ɓarna. Kai mai haƙora shi ake kira namiji, mai ramuka kuma mace, ita ce a jikin kwamfuta. Ka fuskanci macen, gefen da ya fi faɗi yana sama. Rami na 1 yana sama ta hannun damanka, ka ƙirga zuwa hagu har na 5. Sahun tsakiya ya fara da 6 daga dama zuwa 10, na ƙasa kuma 11 zuwa 15, shi ma daga dama. Idan namijin ka fuskanta sai abin ya juya, na 1 ya koma sama ta hagu. Idan kuma ka juya namijin ta baya, inda ake liƙa waya da dalma, na 1 ya sake dawowa dama.

Wanda ya kwafi zane daga intanet bai tantance ta wane gefe aka zana shi ba, zai liƙa komai a juye. Wayar ja ta tafi na 5, ta kore ta tafi na 4, shuɗi kaɗai zai zauna daidai don yana tsakiya. Mafi muni, wayar ƙasa, wato hanyar komawar wuta, da ya kamata ta je na 7 za ta sauka a na 9, inda kwamfuta ke fitar da wuta bolt 5, kuma hakan na iya ƙona fis ɗin da ke kare wannan layi. Maganin abu ne mai sauƙi: kunna fitilar wayarka ka haska cikin kan. A jikin robar akwai ƙananan lambobi da aka zana kusa da haƙoran gefe. Su za ka bi.

Launi uku da abokan tafiyarsu

Haƙori na 1 ja ne, na 2 kore, na 3 shuɗi. Hoton gaba ɗaya a kan waɗannan uku yake tafiya. Wutar da ke cikinsu ba ta kai ko ta batirin tocila ba: daga sifili, wato baƙi ƙirin, zuwa bolt 0.7, wato cikakken haske. Idan ukun suka cika a tare, ɗigon ya fito fari. Ja da kore ba shuɗi, rawaya. Ja da shuɗi ba kore, ruwan hoda mai ƙarfi. Kore da shuɗi ba ja, wani launi tsakanin shuɗi da kore kamar ruwan teku.

Ke nan allon da kansa yana faɗa maka inda ciwon yake. Buɗe farar takarda a kwamfuta ka duba. Ta koma rawaya? Na 3 ne. Ta koma ruwan hoda? Na 2. Ta koma ruwan teku, jan rubutu kuma ya zama baƙi? Na 1.

Na ga wannan a wani shago a Nima. Shugaban wata Islamiyya ya zo, yaro na biye da shi ɗauke da majigi a ka, an naɗe shi da tsohon zani.

"Masta, majigin nan ya gama. Komai rawaya yake nunawa, har farar takarda. Duba mini ko ƙwan ne, in kuma ba ya gyaruwa ka faɗa mini gaskiya."

"Malam, ina wayar da kuke haɗa shi da ita?"

"Tana makaranta. Ai majigin ne ya lalace."

"Don Allah a aiki yaron ya ɗauko ta tukuna, kafin in kwance ko noti ɗaya."

Da aka kawo ta, mai gyaran ya haska cikin kan ya miƙa wa malamin. Haƙori na tsakiya a sahun sama ya kwanta a jikin maƙwabcinsa, alamar wani ya tura kan a karkace da ƙarfi. Ya ɗauko bututun biro da tawadarsa ta ƙare, ya zura haƙorin a ciki, ya miƙar da shi a hankali. Aka kunna, fari ya dawo fari. Da majigin kaɗai aka buɗe, da an yini ana neman laifin da babu shi.

Kowane launi kuma yana da abokin tafiya a sahun tsakiya, domin wuta ba ta tafiya sai da hanyar komawa. Na 6 na ja ne, na 7 na kore, na 8 na shuɗi. An ajiye su dab da juna da gangan, don a cikin waya ta gari kowane launi siririyar waya ce da aka naɗe da sulken ƙarfe nata na kanta, irin wayar eriya amma ƙarama. Cibiyar ta tafi na 1, sulken ya tafi na 6, haka sauran. Sulken shi ke hana hayaniyar wutar waje shiga, ya kuma hana launi ɗaya tsoma baki cikin ɗan'uwansa. A cikin monita, tsakanin kowane launi da abokinsa akwai rasista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai om 75 (om shi ne ma'aunin ƙarfinsa). Da wannan nauyi ne ma kwamfutoci da yawa ke gane cewa an jona musu monita.

Na 13 da na 14

Launi kaɗai ba ya yin hoto. Kwamfuta tana aika ɗigo ɗaya bayan ɗaya ne, daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, kamar malami yana yi wa ɗalibi shifta: bayan kalmomin, dole ya riƙa cewa a koma sabon layi, idan shafi ya cika ya ce a buɗe sabo. Haƙori na 13 shi ke ba da umarnin komawa farkon layi, na 14 kuma umarnin komawa saman allo. Hanyar komawarsu tana na 5 da na 10. Su waɗannan biyun ba analog ba ne, bugu ne na kunnawa da kashewa.

Saurin abin yana da ban mamaki. A hoton 640 da 480, na 14 yana bugawa kusan sau 60 a sakan, na 13 kuma sau 31,469, domin kowane shafi layi 525 ne idan aka haɗa da waɗanda ba a gani. A 1920 da 1080, na 13 yana bugawa sau 67,500, ɗigo kuma miliyan 148.5 ke wucewa a kowane sakan.

Idan ɗayan biyun nan ya yanke, tsohuwar monita mai ƙeya takan nuna hoto yana birgima ko ya yage a karkace. Ta zamani mai faɗi kuwa sai ta rubuta cewa babu sigina, ƙaramar fitilarta ta sauya launi, ta kwanta barci. Wannan ne ya fi ruɗar mutane, domin baƙin allo ya fi kama da mutuwa fiye da allo mai rawaya. Haka ma idan kwamfuta ta aiko bugun da ya fi ƙarfin monitar, sai ta rubuta cewa an wuce iyakarta. A nan ba waya ce da laifi ba, a rage yawan ɗigo ko saurin hoton.

Haƙoran da aka sauya wa aiki

Saura na 4, 9, 11, 12 da 15. A tsarin farko, monita tana gabatar da kanta ne ta hanyar haɗa wasu haƙora da ƙasa. Idan na 11 aka haɗa, mai launi ce. Idan na 12 ne, baƙi da fari ce. Na 4 kuma yana nuna tana iya ɗaukar 1024 da 768. Na 9 ba a sa masa haƙori ba sam, a wasu kwamfutocin ma ramin a toshe yake.

A 1994 ƙungiyar VESA, mai tsara ƙa'idojin allon kwamfuta, ta fito da tsarin DDC. Aka sa wani ƙaramin aisi, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, a cikin monita mai ɗauke da bayani bayit 128, ana kiransa EDID: sunan kamfani, samfuri, shekarar ƙira, girman allo, da yawan ɗigon da ya fi dacewa da ita. Kwamfuta tana karanta shi ta haƙori na 12, wanda bayanin ke bi, da na 15, mai ba da bugun lokaci. Hanyar maganar kuwa I2C ce, wadda kamfanin Philips ya ƙirƙira a farkon shekarun 1980. Na 9 aka ba shi aikin kai wuta bolt 5 ga wannan aisi, don a iya karanta shi ko monitar tana kashe. Na 4 da na 11 suka zama kusan ba su da aiki.

To, mai waya mai haƙori 14, ba a cuce ka ba, muddin wanda babu ɗin na 9 ne, wato na biyu daga dama a sahun tsakiya idan ka fuskanci namijin. Haka aka ƙera ta, kuma monita za ta yi aiki da ita. Inda za ta ba ka matsala shi ne idan akwai wani ƙaramin akwati a hanya, kamar mai raba hoto gida biyu ko mai sauya sigina, wanda ba shi da caja, yana jiran wutarsa daga na 9. Bambancin haƙorin da ba a sa ba da wanda ya karye a bayyane yake: karyayye yana barin guntu a gindi.

Na 12 da na 15 su ne ba a cika zargi ba, alhali suna jawo ciwon kai. Idan suka yanke, ko wayar mai araha ce da ba a sa musu komai a ciki ba, hoto zai fito da launinsa daidai, amma kwamfuta ba ta san da wa take magana ba. Sai ta zaɓi ƙaramin hoto kamar 1024 da 768 ta shimfiɗa shi a faffaɗan allo. Da'ira ta zama ƙwai, fuskoki su baje, rubutu ya yi dishi-dishi. Mutum ya kwana yana sauke manhajar katin hoto yana cinye data, maganin kuwa sauya waya ne. Na san masu buga katin biki da fosta da suka daɗe suna aiki a haka, suna mamakin yadda abin da firinta ta fitar bai yi kama da abin da suka gani a allo ba.

Abin da ke ƙarƙashin roba

Idan ka je sayen waya a kasuwannin kayan lantarki na Zongo Lane ko Tip Toe Lane, duba jikinta ko ledarta. Sau da yawa akwai rubutu kamar 3+2, 3+4, 3+6 ko 3+9. Ukun farko wayoyin launi ne, lambar baya kuma yawan ƙananan wayoyin da ke rakiyarsu. Mai 3+2 yawanci na 13 da na 14 kawai ta ɗauko, babu hanyar EDID. Don tebur, 3+6 ta wadatar. Ƙullutun nan biyu da ke kusa da kawunan ba ado ba ne, zoben ferait ne mai rage hayaniyar wuta.

Tsawo shi ne babban abokin gabar analog. An tsara wayar launi ta dace da om 75 ɗin da ke jiranta a monita. Idan ba ta dace ba, wani ɓangare na siginar yana dawowa baya, ya sake komawa a makare, sai ka ga kowane harafi da inuwarsa ta dama. Lissafin ba wuya. Sigina tana tafiya a waya da kusan kashi biyu cikin uku na saurin haske. A waya mai tsawon mita 10, wadda ta je ta dawo ta ƙara mita 20, kuma a hoton 1920 da 1080 wannan jinkiri ya kai kusan ɗigo 15. Ido yana ganinsa sarai. A waya mai mita ɗaya da rabi inuwar tana manne da harafin, ba a damuwa da ita. Shi ya sa siririyar wayar da ta yi kyau a tebur take ba da kunya a zauren taro.

Masu haɗa kyamarar tsaro sukan ja VGA ta wayar intanet mai tagwaye huɗu: tagwaye uku su ɗauki launi da abokan tafiyarsu, na huɗu ya ɗauki 13 da 14, a haɗe na 5 da na 10 da sauran wayoyin ƙasa a cikin kan. Tana aiki, kuma don kallon ƙofar shago ta isa. Sai dai ita om 100 ce, ba 75 ba, kuma babu wurin 12 da 15. Ba zan shawarci makarantar da yara za su karanta ƙananan rubutu ta yi haka ba, sai da akwatunan da aka ƙera don wannan aiki a kai da kai.

Akwai kuma matsalar da ta shafi gidajenmu kai tsaye. Wutar Ghana bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a sakan, kuma soket da yawa a Zango ramin at ɗinsu, wato na wayar da ke kai wuta ƙasa don kariya, ba a jona shi da komai ba. Tun da siginar launi ba ta kai bolt ɗaya ba, ɗan bambancin wuta tsakanin jikin kwamfuta da jikin majigi ya isa ya bayyana a allo a matsayin ratsi masu rarrafe sama ko ƙasa. Ya fi faruwa idan an jona su a soket daban-daban, ko an koma janareta. Gwada jona su a wuri ɗaya. Idan laftof ce, zare cajarta: in ratsin ya ɓace, cajar ce ko rashin at. Idan kuma ƙarfen kan wayar yana ɗan jan hannunka, kashe komai daga bango kafin ka jona ko ka zare, ka kira mai wayarin. Kar a karya ƙafar at ta fulogi don ratsi ya tafi, ran mutum ake sakawa a haɗari.

Me ya sa waya zalla ba ta haɗa HDMI da VGA

HDMI haƙora 19 gare ta, kuma babu ko ɗaya da ke ɗauke da launi a matsayin wuta mai hawa da sauka. Lambobi take aikawa, hoto da sauti a cakuɗe. Ko ta yaya ka liƙa wayoyinta da na VGA, monita ba za ta fahimci komai ba. Dole a samu aisi a tsakani wanda zai karanta lambobin ya mayar da su bolt 0.7 ɗin nan uku da bugun 13 da 14. Wannan ita ce kwanbata. Haka abin yake ga DisplayPort da USB-C.

Ruɗanin yana da tushe. Bakin DVI, wanda ya fito a 1999, yana da nau'in da ake kira DVI-I, mai ƙarin haƙora huɗu kewaye da wani faffaɗan haƙori a gefe. Waɗannan suna ɗauke da ja da kore da shuɗi da bugun layi na analog, don haka adafta marar aisi ta isa ta mayar da shi VGA. Mutane suka saba da ita, suka ɗauka kowane baki haka yake. Nau'in DVI-D ba shi da huɗun nan, adaftar ba ta aiki a kansa, kuma galibi ma ba ta shiga.

Kwanbata hanya ɗaya take bi. Wadda ke ɗaukar HDMI daga sabuwar laftof zuwa tsohuwar monita daban, wadda ke ɗaukar VGA daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwar talabijin daban, ko da kawunansu sun yi kama. Ta biyun tana zuwa da wayar USB don wuta da siririyar wayar sauti, domin a haƙora 15 ɗin nan babu na sauti ko ɗaya. Ta farkon tana shan wuta daga HDMI ɗin, wadda 'yar kaɗan ce, shi ya sa wasu ke ɗaukewa suna dawowa sai an ƙara musu caja. Wasu dikodoji da na'urorin wasa kuma suna kulle hotonsu da tsarin HDCP mai hana kwafar hoto, su ƙi sakinsa ga irin wannan kwanbata. Akwai wayoyi na gaskiya da aka ɓoye aisin a cikin kan, akwai kuma waɗanda ba komai a ciki sai wayoyi, kuma ido ba ya rabe su cikin sauƙi. Tafi da laftof ɗinka kasuwa, a gwada a gabanka kafin ka biya.

Gwaji da mita

Wayar VGA miƙaƙƙiya ce: na 1 a wannan kai yana zuwa na 1 a wancan, haka har ƙarshe. Sa mitar gwaji a wurin da take ƙara, ka bi su ɗaya-ɗaya kana lanƙwasa wayar a gindin kan, don a nan ta fi karyewa. Idan 5, 6, 7, 8 da 10 suka yi ƙara da junansu, ba laifi ba ne, duk ƙasa ne. Amma na 1 ya yi ƙara da na 6, wannan gajeren haɗi ne.

Gwajin da na fi so shi ne wannan: zare monita daga wuta, bar wayar a jikinta, ka auna a ɗaya kan tsakanin 1 da 6, 2 da 7, 3 da 8. A yawancin monitoci za ka ga kusan om 75 sau uku. Wanda ya saɓa, shi ne layin da ya yanke. Idan za ka sake liƙa kai, kar ka dogara da launin ƙananan wayoyin, kowane kamfani da nasa. Bi su da mita daga kan da yake lafiya, ka fara liƙa sahun tsakiya kafin na gefe su tare maka hanya. Ita kuwa monita mai ƙeya kar wanda bai ƙware ba ya buɗe ta, akwai bolt sama da 20,000 a ciki, kuma ba ya sauka nan take don an kashe ta.

A ci gaba da ita ko a rabu da ita?

Masu cewa a rabu da VGA suna da hujja. Tun Disambar 2010 Intel da AMD, tare da Dell da Lenovo da Samsung da LG, suka sanar cewa za su janye daga gare ta zuwa 2015, kuma sun yi. Monita mai faɗi ta dijital ce a cikinta, don haka hoton VGA ana juya shi sau biyu, kowane juyi da asararsa. Ba sauti, ga inuwa, ga ratsi.

Masu riƙe da ita su ma ba gardama kawai suke yi ba. Makarantar da ke da monita 30 ba za ta sauya su don baki ya sauya ba, alhali kwanbata ba ta kai kusa da kuɗin monita ɗaya ba. Manyan kwamfutocin sabar da na'urorin kyamara da yawa har yanzu da ita suke zuwa. Kuma da waya ta gari gajera, aka danna maɓallin AUTO da ke jikin monita don ta daidaita bugunta da na kwamfuta, rubutu yana fita tsaf. Monitar da aka jefar kuma mun san inda take ƙarewa. An rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie da ke Accra a Yulin 2021, Ghana kuma ta kafa dokar sharar lantarki, Act 917, a 2016, amma sana'ar ƙona waya don cire jan ƙarfe warwatsuwa ta yi, kuma matasanmu na cikin masu shaƙar hayaƙin.

Ni ina tare da masu riƙewa a kan abin da aka riga aka mallaka, ina tare da masu rabuwa a kan abin da za a saya. Kar a sayi monita ko majigi mai VGA kaɗai yanzu idan akwai mai baki biyu a kusa da farashinsa. Masu gina aji ko zauren masallaci kuma su yi tunani tun kafin a yi filasta. Faɗin kan VGA ya ɗan haura santimita 3, ba ya shiga bututun wayarin da aka saba binnewa, sai an yanke shi an sake liƙawa a saman tsani, kan HDMI kuwa sake liƙa shi ya fi haka wuya. A binne wayar intanet mai kyau guda biyu daga teburin malami zuwa inda majigi zai rataya, a matse musu kai bayan an ja su. Akwatin da ke kowane ƙarshe, na VGA ne ko na HDMI, ana sauya shi duk ranar da aka sauya majigi ba tare da an fasa bango ba.